Sunan Tumadir: daga ina ya fito, kuma me yake nufi?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Allah Ya sauke ni lafiya, na sami 'ya mace, maigidana kuma ya dage sai an raɗa mata Tumadir. Surukata ta ce ita tunda take ba ta taɓa jin wannan suna ba, anya ma na Musulmi ne? Don Allah a warware mana kafin ranar suna.

Amsa: Malama, Allah Ya raya, Ya sa mai albarka ce. Ki kwantar wa Hajiya da hankali, Tumadir sunan Larabawa ne tsoho, kuma har a cikin sahabbai mata akwai masu shi.

Malaman lugga suna mayar da shi ga tushen da ya ba da "madir", wato nonon da ya yi tsami. Saboda hasken nono ne ake fassara sunan da mace fara mai hasken fata, wasu kuma su ƙara da taushi da ɗanyen jiki. Daga wannan tushe aka ce sunan Mudar, kakan Ƙuraishawa, ya fito.

Wadda ta fi shahara da shi kin santa, sai dai da laƙabinta: Khansa'u, mawaƙiyar ƙabilar Banu Sulaim. Sunanta na yanka Tumadir bint Amr. Waƙoƙin makokin da ta yi wa 'yan'uwanta Sakhr da Mu'awiya su suka ɗaga ta tun a jahiliyya, har yau ɗaliban adabin Larabci na haddace su. Daga baya ta musulunta. Abin dariya, mu nan laƙabin muka ɗauka muka bar sunan, alhali Khansa'u na nufin mai gajeren hanci, an kamanta ta da barewa. Mu da ke yabon mace da hanci har baka!

Ta biyu ita ce Tumadir bint al-Asbagh, 'yar shugaban Banu Kalb, wadda Abdurrahman bin Auf ya aura lokacin da Annabi (SAW) ya aike shi garin Dumatul Jandal a shekara ta 6 bayan Hijira. Ita ta haifi Abu Salama, ɗaya daga cikin manyan malaman fiƙihun Madina. Da Abdurrahman ya sake ta yana cikin ciwon ajali, Halifa Usman ya ba ta gadonta, kuma da wannan hukunci Malikawa ke kafa hujja cewa matar da aka saka a ciwon ajali tana cin gado.

Ta fuskar yaɗuwa kuwa, gaskiyar Hajiya ce, a ƙasar Hausa da wuya ki ji shi. An fi samun sa a ƙasashen Larabawa irin su Masar da Sudan.

A ganina sunan ya yi, amma ku shirya wa furucinsa. Harafin Larabcin da aka rubuta da "d" a cikinsa shi ne wanda bakin Bahaushe ke mayarwa "l", kamar a Ramalan da alwala da alƙali, don haka tsofaffi za su iya cewa Tumalir. Wannan ba komai. Inda matsala take shi ne takarda: ku tsayar da rubutu ɗaya tun daga takardar haihuwa, kada makaranta ta rubuta Tamadur, katin ɗan ƙasa ya zo da Tumadir, yarinya ta girma tana zaryar gyaran suna a lokacin jarabawa.