Me ya sa ake kunna wuta a gonakin inabi na kwarin Loire?

Tambaya: Na ga hoton gonakin inabi a bakin kogin Loire na Faransa, wuta na ci layi-layi cikin dare. Mene ne dalili, kuma wane irin inabi ake nomawa a can?

Amsa: Sanyi ake kora. A watan Afrilu kurangar inabi ke tofo, kuma ɗanyen tofo ba ya jure sanyin da ya kai digiri 2 ƙasa da sifiri. Daren da sama ta washe, iska ta kwanta, ƙasa kan saki ɗuminta, sanyi ya gangaro ya taru a kwari. Kafin hantsi tofon ya yi baƙi ya yanƙwane, wanda zai sake fitowa kuwa ba ya 'ya'ya kamar na fari. An sha wannan asara a 2016 da 2017 da 2021.

Abin da ka gani gwangwanayen kakin farafin ne, ɗaruruwa a hekta guda. Suna ɗaga zafin da digiri kaɗan, amma akwai tsada, in kuma iska ta taso an yi aikin banza. Wasu na kafa dogayen fankoki masu jawo ɗumin sama zuwa ƙasa. Masu ruwa a kusa kan yi feshi dare farai, ƙanƙara ta lulluɓe tofon ta kāre shi. Sai dai in famfo ya tsaya kafin rana ta ɗumama, ɓarnar ta fi ta wanda bai yi komai ba. Mafi araha, a ganina, shi ne jinkirta sassabe reshe, don tofo ya makara.

Batun iri kuwa, kogin ya kai kilomita 1,000, yanayi na sauyawa. Kusa da teku, wajen Nantes, Melon de Bourgogne ake shukawa, ana yin farar giyar Muscadet da shi; ya yaɗu ne bayan sanyin 1709 ya kashe gonaki. A yankunan Anjou da Touraine Chenin Blanc ne, mai saurin tofo, shi ya sa sanyi ya fi kama shi. A kwarin Layon da ke Anjou akan bar shi har wata fumfuna ta tsotse ruwansa, zaƙin ya taru. Jar giyar garuruwan Chinon da Bourgueil ta Cabernet Franc ce. Can gabas, a Sancerre da Pouilly, Sauvignon Blanc ke mulki a kan farar ƙasa mai tsakuwa.