Ina za a ajiye bayanin sabon zaɓi a littafin kwamfaila?

Jiya muna rufe ofis bayan la'asar ka tambaye ni kan kwamfailarmu, wato manhajar da ke juya kod ɗin da mutum ya rubuta zuwa harshen da kwamfuta ke ganewa, da zaɓuɓɓukanta, wato gajerun umarnin da ake rubuta mata don canza yadda take aiki: "Oga, na ƙara sabon zaɓi a 'yar kwamfailar da muke ginawa, kuma yana aiki. In rubuta bayaninsa a ƙarshen littafin jagora kawai, tunda mai nema zai binciko?" Na ce ka bari sai na zauna. To, ɗana, kada ka kuskura.

Ka taɓa sayen noti a kasuwar Wunti? Wanda ya san sana'arsa ba ya zazzage buhu a gabanka. Kana faɗin lamba, hannunsa ya riga ya kai kan gwangwanin. Mai buɗe littafin zaɓuɓɓuka ma da gaggawa yake zuwa: aiki ya tsaya masa, kwamfaila ta yi masa gargaɗi, ta rubuta -Wunused-variable a gefe, sunan nan kaɗai ya riƙo. In bai same shi a fihirisa ba, a wurinsa zaɓin babu shi.

Dubi GCC, sananniyar kwamfailar da Richard Stallman ya fara fitarwa a 1987. Zaɓuɓɓukanta sun yi yawan da ba mai haddace su, amma harafin farko yana nuna maka gidan kowanne: -W na gargaɗi, -O na inganta gudu, -m na abin da ya shafi nau'in injin, -f na kunna wani hali ko kashe shi. Bayaninsu yana cikin fayil ɗin invoke.texi, an raba shi babi-babi, da jerin sunaye a farko, kuma ana sa wa kowane zaɓi alamar @opindex don ya fito a fihirisa. Naka na gargaɗi ne, saboda haka cikin 'yan'uwansa zai zauna, sunansa ya shiga jerin farko, ya shiga fihirisa. Wuri uku ke nan, amma cikakken bayani sau ɗaya tak.

Wannan sau ɗayan shi ne ya taɓa cin mini kwana biyu. A wani wurin da na yi aiki, na tarar da zaɓi guda an yi masa bayani a babi biyu, ɗaya ya ce a kunne yake tun asali, ɗayan ya ce a kashe. Duka biyun gaskiya suka faɗa a zamaninsu, an gyara ɗaya ne aka manta da ɗan'uwansa. Ni kuwa na gaskata tsohon.

Shi ya sa jimlar da na fi dubawa a kowane bayani ita ce: me zai faru idan mutum bai rubuta zaɓin ba? Yawancin na -f da -W fuska biyu gare su, kamar -fcommon da -fno-common, kuma ƙa'idar littafin GCC ita ce a yi bayanin fuskar da ba ita ke aiki da kanta ba. Da GCC 10 ta fito a 2020, aka mayar da -fno-common ya zama na asali, tsofaffin manhajoji da dama da aka rubuta da harshen C suka ƙi haɗuwa. Wanda ya je littafi ranar, wannan jimlar yake nema, ba dogon tarihi ba. Kuma kada ka yarda da suna: -Wall ba ya kunna dukkan gargaɗi, dole a lissafa waɗanda yake kunnawa. In kana shakkar abin da -O2 ke tayarwa, tambayi kwamfailar da kanta da gcc -Q -O2 --help=optimizers, ka gwada da abin da ke rubuce.

Mutanen Clang, wata kwamfaila daban, sun rage wa kansu wahala, daga fayil ɗin Options.td suke fitar da jerin nasu kai tsaye. Mu ba mu kai nan ba tukuna, da hannu za mu yi. Don haka gyaran kod da gyaran bayani tare za ka turo mini su, in ɗaya ya zo shi kaɗai zan mayar maka.

Gobe in Allah ya kai mu, fara da babin -W na littafinmu. Shi ya fi hargitsewa, kuma biyu daga cikin waɗanda ke zaune a inda ba nasu ba, ni na ajiye su.