Ciwon Mara Na Shekara Guda, Hoto Kuma Bai Nuna Komai Ba

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni matar aure ce mai shekara 31, ina zaune a Jos, ina da ɗa ɗaya da na haifa ta hanyar tiyata. Kusan shekara guda ke nan ina fama da ciwon mara, wani lokaci yakan zagaya har kwankwaso. An yi mini hoton ciki aka ce ba a ga komai ba. Na sha maganin taifot, daga baya aka ce olsa ce, a kemis kuma aka ce sanyi ne. Ciwon yakan lafa ya sake dawowa, har a gida an fara cewa damuwa ce ko iska. Me ke iya kawo irin wannan ciwo, kuma wane gwaji ya rage ban yi ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa, Allah Ya ba ki lafiya. Zan fara da maganar hoto, domin a nan ne mata da yawa suke yanke ƙauna. Na'urar hoton ciki tana ganin abin da yake da girma ko yake ɗauke da ruwa, kamar juna biyu, ƙari a mahaifa, ƙullutun ruwa a ma'ajiyar ƙwai, da tsakuwa a matsarmama ko a ƙoda. Ba ta ganin gyambon da ke cikin tumbi, ba ta ganin yadda hanji yake motsi, kuma sau da yawa ba ta ganin tabon da ya manne kayan ciki da juna ko ƙananan ɗigon cutar da zan yi bayaninta nan gaba. Saboda haka idan aka ce hoto bai nuna komai ba, abin da aka tabbatar shi ne an cire wasu cututtuka daga lissafi, sauran kuma suna nan sai an bi su ta wata hanya.

Kafin mu shiga ciwon da ya daɗe, dole in ware irin wanda ba a kwana da shi a gida. Duk macen da ke cikin shekarun haihuwa ta zo da sabon ciwon mara, gwajin juna biyu shi ne na farko, ko da ta tabbata ba ta da ciki, ko da tana tsarin iyali. Dalili shi ne cikin da ke zama a wajen mahaifa, wanda yake faruwa a kusan ɗaya zuwa biyu cikin kowane ciki 100, kuma galibinsa a cikin bututun da ƙwai ke bi yake maƙalewa. Alamunsa sukan bayyana tsakanin mako na 4 da na 12: ciwo a gefe ɗaya na mara, ɗigon jini da mace kan ɗauka al'ada ce ta zo a makare, jiri, wani lokaci har da ciwo a kan kafaɗa. Idan bututun ya fashe, jini yana zuba ne a cikin ciki inda ido ba ya gani. Haka nan murɗewar ma'ajiyar ƙwai, wadda take zuwa farat ɗaya da ciwo mai tsanani da amai, da kuma afendis, wanda yakan fara a zagayen cibiya ya koma ƙasan ciki ta dama. Ciwonki na shekara guda ba ya kama da ɗaya daga cikin waɗannan, amma ranar da ya sauya kama, ya zo da suma, zazzaɓi mai zafi, amai ba ƙaƙƙautawa, ciki ya yi tauri ko jini ya ɓalle, to ki nufi sashen gaggawa kai tsaye, ko a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, ko Asibitin Ƙwararru na Jihar Filato, ko duk asibitin da ya fi kusa da ke mai ɗakin tiyata.

Akwai abu ɗaya da ba ki faɗa ba a wasiƙarki, kuma shi zan fara tambayarki da a gabana kike: wace alaƙa ce tsakanin ciwon da al'adarki? Amsar wannan tambaya takan fi gwaje-gwaje da yawa amfani. Ciwon da ke zuwa a tsakiyar wata, kusan kwana 14 kafin al'ada ta gaba, a gefe ɗaya, ya yi sa'o'i ko yini ɗaya zuwa biyu ya wuce, galibi na fitar ƙwai ne, ba cuta ba ne. Ciwon al'ada na yau da kullum kuwa yakan fara ne tun mace tana budurwa, ya yi kwana ɗaya zuwa uku, kuma yakan yi sauƙi da shekaru ko bayan haihuwa. Abin da ke sa likita ya tsaya ya yi tunani shi ne ciwon da ya fara bayan shekaru ana al'ada lafiya, ko wanda yake ƙaruwa daga wata zuwa wata, ko wanda yake riga jinin zuwa da kwanaki kuma bai tafiya da tafiyarsa.

A irin wannan hali cutar da nake sa wa ido ita ce endometiriyosis. Wani nama ne mai kama da shimfiɗar cikin mahaifa yake tsirowa a wajenta, a kan ma'ajiyar ƙwai, a bayan mahaifa, a jikin hanji ko mafitsara. Wannan nama yana amsa sinadaran jikin mace kamar yadda shimfiɗar mahaifa take amsawa, wato yana kumbura yana tsatsar jini duk wata, sai dai jinin ba shi da mafita, don haka yana haddasa kumburi, daga baya tabo, har kayan ciki su manne da juna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana shafar kusan kashi 10 cikin 100 na mata da 'yan mata masu shekarun haihuwa, kimanin mutum miliyan 190 a duniya. Alamunta sun haɗa da ciwon mara da kwankwaso mai tsananta lokacin al'ada, zafi can ciki yayin saduwa, zafi wajen bayan gida ko fitsari a kwanakin jini, kumburin ciki, da jinkirin samun haihuwa. An daɗe ana koyar da cewa cutar ba ta da yawa a tsakanin matan Afirka, alhali gaskiyar ita ce kayan gano ta ne suka yi ƙaranci, kuma mata da yawa an raine su a kan cewa ciwon mara abin haƙuri ne. Shi ya sa mace kan yi shekaru tana yawo da ita kafin a kira sunanta. Hoton da ake yi ta kan fatar ciki yakan wuce ta. Wanda ake yi ta gaba, wato ta cikin al'aura, a hannun ƙwararre ya fi gani, wani lokaci kuma sai an leƙa cikin ciki da siririyar kyamara ta ɗan ƙaramin yanka a cibiya. Ana shawo kanta da maganin ciwo, da magungunan daidaita sinadaran jiki irin na tsarin iyali, ko da tiyata idan ta kama. Shawarar da ake yawan bai wa mata cewa su yi ciki su warke ba magani ba ce, domin ciwon kan lafa ne lokacin goyon ciki ya dawo daga baya. Cutar tana da 'yar'uwa da ake kira adenomayosis, inda naman yake kutsawa cikin tsokar mahaifar kanta, sai al'ada ta yi yawa ta yi zafi.

Ƙarin mahaifa, wanda aka fi sani da faibroid, yana da yawa a tsakanin mata baƙar fata, amma hoto yana ganinsa da sauƙi, don haka ba na zarginsa a wurinki.

Tiyatar haihuwar da aka yi miki ma abin lura ce. Kowace irin tiyatar ciki tana iya barin tabo a ciki wanda ke ɗaure hanji ko mahaifa da bangon ciki, kuma hoto ba ya nuna shi. Wani lokaci kuma ciwon a bangon cikin yake, a tsoka ko a jijiyar da ke kusa da wurin ɗinki. Likita yana iya bambance wannan da hannunsa: zai danna wurin ya ce ki ɗaga kai daga kwance, idan zafin ya ƙaru da tsoka ta ɗaure, to daga bango yake.

Sai batun sanyi, kalmar da aka ɗora wa nauyin da ya fi ƙarfinta. Ƙaiƙayi da farin ruwa mai kauri galibi ƙwayar fangas ce, ba ta hawa sama ta kawo ciwon mara na shekara, kuma yawan shan maganin kashe ƙwayoyin cuta ba bisa ƙa'ida ba yana daga cikin abin da ke dawo da ita. Sanyin da ke kawo ciwon mara na gaske shi ne wanda ƙwayoyin cuta suka haura daga bakin mahaifa zuwa mahaifa da bututun ƙwai. Manyan masu kawo shi su ne kilamidiya da gonoriya, waɗanda ake ɗauka ta hanyar saduwa, ba ta hanyar zama a kan masai ba kamar yadda ake yawan faɗa; yakan kuma biyo bayan haihuwa ko ɓari idan ba a kula da tsabta ba. Maganinsa haɗin magunguna ne na kwana 14 cur, kuma wajibi ne a yi wa maigida magani a lokaci guda, idan akwai abokiyar zama ita ma haka, in ba haka ba cutar za ta riƙa zagayawa a gidan. Ƙwaya biyar ko allura ɗaya daga kemis tana kwantar da alamu ne ta bar cutar tana lalata bututun a ɓoye, abin da ke jawo ciwon mara mai daɗewa, ciki a wajen mahaifa, ko rashin haihuwa. Ina kuma ba da shawarar a bar cusa kayan matsi da wanke can ciki da sabulu ko ruwan magani, domin suna kashe ƙwayoyin da ke kare wurin.

Game da taifot da olsa, ina da shakka a kan dukansu. Taifot cuta ce ta zazzaɓi mai hauhawa na kwanaki, ba ta zama ciwon mara na watanni ba tare da zazzaɓi ba. Gwajin Widal da ake dogara da shi yakan nuna alama a jikin mutanen da suka taɓa cutar a baya ko suke da wata cuta dabam, har da maleriya. Tabbaci yana samuwa ne ta hanyar shuka jini a ɗakin gwaji, wato a ajiye jinin a ga ko ƙwayar cutar za ta tsiro a cikinsa. Ita kuma olsa mazauninta saman cibiya ne, ƙarƙashin ƙashin ƙirji, da zafi mai kama da ƙuna wanda ke da alaƙa da cin abinci ko yunwa. Manyan sanadinta biyu ne: wata ƙwayar cuta mai suna Helicobacter pylori, da magungunan ciwo irin su diklofenak da ibufurofen. A nan akwai abin tsoro ga mai irin halinki, domin macen da ta shekara tana shan waɗannan don ciwon mara tana iya jawo wa kanta olsar da ba ta da ita tun farko.

Hanji kuwa yana zaune ne a wuri ɗaya da mahaifa, kuma yana yawan ɗaukar laifi ko a ɗora masa. Akwai larurar da hanji yake yin saurin jin zafi ba tare da wani rauni a jikinsa ba, wadda ta fi yawa a mata: ciwon yana da alaƙa da bayan gida, ciki yana kumbura da iska, wani lokaci gudawa wani lokaci taurin bayan gida, kuma duk gwaji yakan fito lafiya. Taurin bayan gida shi kaɗai ma ya isa ya kawo ciwon ƙasan ciki ta hagu. Ta ɓangaren fitsari, a duba ko akwai zafi, yawan fita ko jini, a kuma shuka fitsarin maimakon a yi ta canki-canki da magani. Wadda ta taso tana wanka ko wanki a rafi, dam ko kududdufi, a tuna da tsargiya, domin tana kama al'aurar mace da mahaifa ba mafitsara kaɗai ba. Idan kuma akwai rama, zufar dare da kumburin ciki, to a nemi tarin fuka, wanda yake iya zama a ciki ba tare da tari ba.

Dangane da abin da ake faɗa a gida, damuwa tana ƙara zafin ciwo da gaske, musamman na hanji, kuma shekara guda cikin ciwon da ba a san kansa ba ita kanta tana haifar da damuwa. Amma ba na yarda a rufe bincike da wannan kalma tun ba a gama shi ba. Addu'a kuma ba ta hana zuwa asibiti, a haɗa su.

Abin da nake so ki yi shi ne ki samu ɗan littafi ki riƙa rubutawa har tsawon al'ada biyu ko uku: ranar da jini ya zo da ranar da ya ɗauke, ranakun ciwo da inda yake, tsananinsa daga 1 zuwa 10, da ko ya biyo bayan abinci, bayan gida, fitsari ko saduwa. Ki kai wannan wurin likitan mata, ki tafi da sakamakon hoton baya da kwalayen duk magungunan da kika sha, har da na gargajiya, kuma ki tsaya wurin likita ɗaya ya bi lamarin daki-daki. Ina sa ran zai duba ki da hannu, ya yi gwajin juna biyu, gwajin jini, shukar fitsari, ya ɗauki ruwan bakin mahaifa, sannan a sake hoto ta gaba. Tunda kin haura 30, ki nemi a haɗa miki da gwajin kansar bakin mahaifa, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mace ta fara yi daga shekara 30, musamman idan kina ganin jini bayan saduwa. Kafin lokacin, farasitamol da ɗumama mara da ruwan ɗumi sun fi miki aminci, kuma ki dakatar da shan maganin kashe ƙwayoyin cuta sai wanda likita ya rubuta. Idan za a yi miki gwajin ƙwayar olsa ta bayan gida ko ta numfashi, ki sanar da likita ranar da kika sha magani na ƙarshe, domin ana buƙatar mako 4 ba tare da maganin kashe ƙwayoyin cuta ba, da mako 2 ba tare da maganin rage ruwan tsamin ciki irin omefirazol ba, in ba haka ba gwajin zai iya nuna babu cutar alhali tana nan.