Tambaya da Amsa: Gudun Daji a Ƙauye, Wa Zai Jira Na Baya?

Tambaya: Mu matasa ne a yankin Birnin Kudu, muna fita gudu bayan sallar asuba ta hanyoyin gona da gindin duwatsu. Matsalarmu, duk sabon da ya zo sau ɗaya ko biyu sai ya daina, wai ana barinsa a baya. Yaya za mu yi?

Amsa: Ɗan'uwa, laifin tsarinku ne, ba na sababbin ba. A gudun daji, ko a manyan gasanni, akan ajiye mutum na musamman da aikinsa shi ne rufe baya: ba ya wuce kowa, sai na ƙarshe ya iso shi ma yake isowa. Ku ba wa mafi ƙarfinku wannan aiki, kuma ku riƙa juya shi mako-mako don kada ya zama kamar hukunci. Ya riƙe waya mai caji, da ruwa, da lambar wani mai babur da ya san hanyar.

Na gaba kuwa, dokarsa ɗaya ce: a kowace mararraba ya tsaya sai an cika. Nan ne ake ɓata. Idan dawa ta yi tsayi a watan Satumba, wanda ke bayanka da taku hamsin ba ya ganin inda ka karkata. Kuma idan na ƙarshe ya iso, kada ku zabura nan take. Ku ba shi minti biyu ya mayar da numfashi, in ba haka ba kowa ya huta ban da wanda ya fi bukatar hutun.

Sabo ya fara da kilomita 3 zuwa 5, gudu minti biyu, tafiya minti ɗaya. Takawa a hawan dutse ba abin kunya ba ne. A gasar UTMB da ake yi a kewayen dutsen Mont Blanc da ke Turai tun 2003, mai nisan kusan kilomita 170, zakaru ma takawa suke yi a hawa mai tsauri, kuma dokar gasar ta wajabta tsayawa a taimaki wanda ya shiga haɗari.

Alamar hanya ku yi ta da toka, ko tsumma a reshe wanda mai rufe baya zai kwance. Ban da leda, awaki na ci. Kafin ku buɗe sabuwar hanya ku gaida mai unguwa ku faɗa masa. Da damina ku bi kan iyakar gona ko burtali, kada a tattaka wa mutum gyaɗa.

Tambaya: Daga Rano nake. Da yawa cikinmu ba su da takalmin gudu, wasu da silifas suke zuwa. Mu hana su?

Amsa: A'a, ku yi musu gayya. Kowa ya kawo takalmin da ya daina sawa, a wanke, a rubuta lambarsa, a ajiye wurin mutum ɗaya. Abin da ya rage ku yi adashe ku sayo na gwanjo, ana samu a Ƙofar Wambai a Kano. Wajen zaɓe ku kifa takalmin ku duba ƙasansa: in ya sulɓe zai zame a kan dutse mai raɓa, in ya yi siriri ƙaya za ta huda. A bar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsun ƙafa da bakin takalmin, domin a gangara ƙafa na zamewa gaba, farce ya yi baƙi ya fita. Safa mai tsayi tana rage ƙarangiya. Mai silifas ya bi hanyar rairayi kawai, bayan rana ta fito, saboda kububuwa.

Ruwa ma na kowa ne. A zafin Afrilu ku lissafa kusan rabin lita ga mutum a awa guda, wato leda ɗaya ta fiya wata, ku kuma gama kafin ƙarfe takwas. In za a wuce awa ɗaya, ku haɗa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Wanda ya fara tangaɗi ko magana ba kan gado, a kai shi inuwa, a jiƙa shi da ruwa, a yi ta fifita, a wuce da shi asibiti. Kada a ɗura masa ruwa in ba ya cikin hayyacinsa.

Tambaya: Ƙanwata a Kazaure tana son shiga, amma gida sun ƙi. Akwai mafita?

Amsa: Akwai, amma ba ta hanyar jayayya da iyaye ba. Ku ware wa mata ranarsu, da wata babbar mace da gari ya yarda da ita, malamar makaranta ko ma'aikaciyar lafiya, ita ce za ta je ta nemi izini. Su fara a filin makaranta, sannan hanya gajera kusa da gari bayan gari ya waye sosai, ba ƙasa da su uku ba. Dogon wando sakakke, riga mai tsayi da ƙaramin hijabi mara nauyi sun isa. Hijabi mai jan ƙasa yana kama ƙaya, yana kuma harɗe ƙafa a gangara.