Tambaya da Amsa: Na kai kuka ga masu LibreOffice, sun yi mini shiru

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon buga takardu a Tudun Wada cikin garin Gombe, kuma galibin masu kawo mini aiki ɗalibai ne masu rubuta kundin kammala karatu. Na koma amfani da LibreOffice, manhajar rubuta takardu a kwamfuta, saboda ba a biyan kuɗinta, amma duk lokacin da na mayar da takarda PDF, sai haruffan ƙ da ɗ da ɓ su fito kamar ƙananan akwatuna. Yau mako uku ke nan da na aika musu ƙorafi, ko uffan ba su ce ba. Wannan ba wulaƙanci ba ne? Daga mai karatu, Gombe.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Ba wulaƙanci ba ne, sai dai ka je wajen masu aikin gayya da tsammanin da ake yi wa ɗan kwangila. LibreOffice, wadda ta samo asali daga wata manhaja irinta mai suna OpenOffice a 2010, tana ƙarƙashin wata gidauniya ce mai rajista a Jamus, kuma da yawa daga cikin masu amsa tambayoyi da tantance rahoton matsaloli 'yan sa-kai ne da ke yin haka bayan sun tashi daga aikin da ke ciyar da iyalansu. Lasisin irin waɗannan manhajoji ya fito fili ya ce ana bayar da su ne yadda suke, ba tare da garanti ba. An ba ka damar amfani da ita, da gyara ta, da raba ta, amma ba a yi maka alkawarin amsa ba.

Matsa wa irin waɗannan mutane lamba yana da haɗari. A watan Maris na 2024, wani injiniya mai suna Andres Freund ya gano ƙofar sata, wato ɓoyayyar hanyar kutse cikin kwamfuta, da aka dasa cikin xz, wata manhajar matse fayiloli ta kyauta wadda ɗimbin kwamfutoci masu Linux (tsarin tafiyar da kwamfuta irin Windows) ke dogara da ita. Bincike ya nuna cewa mutum ɗaya ne ya daɗe yana kula da ita, ya gaji, aka yi ta caccakarsa da cewa yana jan ƙafa, har ya buɗe wa wani baƙo hanya ya zama abokin aikinsa, alhali baƙon mugun nufi ne ya kawo shi, domin shi ne ya dasa ƙofar satar.

Game da akwatunan nan, ina kyautata zaton laifin ba na manhajar ba ne, na salon haruffan da ka zaɓa ne, domin ba kowanne ke ɗauke da baƙaƙenmu masu lanƙwasa ba. Ka gwada DejaVu Sans ko Noto Sans ko Charis SIL, duk kyauta ne. Idan matsalar ta ci gaba, ka sake rubuta rahoton cikin ladabi, ka faɗi lambar sigar manhajar, da ko Windows kake amfani da ita ko Linux, da abin da ka danna daki-daki, sannan ka haɗa da takarda mai layi biyu kacal da ke nuna matsalar, ba kundin ɗalibi ba, domin wannan amana ce a hannunka.

Idan kuwa shagon ya bunƙasa har kana buƙatar wanda za ka kira ya amsa dole, akwai kamfanoni irin su Collabora da ke sayar da tallafin LibreOffice da kuɗi, bisa yarjejeniya a rubuce.