Inda sulhun Sarkin Zango yake tsayawa

Malam, ka tambaya ko mu Hausawan Kumasi muna da alƙalin da yake yanke mana haddi da ƙisasi, kamar yadda ake yi a jihohin Arewa tun bayan da Zamfara ta fara. Ba mu da shi. A Gana, da Musulmi da Kirista da mai bin gargajiya, dokar laifuffuka guda ce take hukunta kowa, wadda aka kafa a 1960.

Dokar ta jera laifi hawa-hawa. A sama akwai manyan laifuka na mataki na farko, irin su fashi da fyaɗe. Ɗan fashi ba ya samun ƙasa da shekara 10, in kuwa da makami ya yi, 15. Sata tana mataki na biyu. Ƙananan laifuka, kamar mari ko dambe ba rauni mai tsanani, ɗaurinsu ba ya wuce shekara 3. Kisan kai a da kisa ne hukuncinsa, har majalisa ta mayar da shi ɗaurin rai da rai a 2023.

To ina Sarkin Zango da liman? Aikinsu yana nan, kuma muna girmama shi. Maƙwabta sun yi faɗa, hannu ya kai fuska, a zaure ake kashe wutar. Dokar kotuna ta 1993 ma ta ba alƙali damar barin a sasanta ƙaramin laifi a waje. Amma ba ta ba shi wannan damar a kan babban laifi ba.

Nan ne nake saɓa wa wasu dattawanmu, kuma ba na ɓoyewa. Idan aka lalata yarinyar da ba ta kai shekara 16 ba, doka ba ta duba ko ta yarda. Ɗaurin shekara 7 zuwa 25 ne. Duk da haka sai ka ga an taru da dare, an kawo goro da kuɗi, ana cewa a rufa asiri, wani har ya ce a ɗaura musu aure, alhali aure ƙasa da shekara 18 haramun ne a dokar ƙasar. Asirin wa aka rufa? Na mai laifin, domin yarinyar kowa a unguwa ya riga ya ji labarinta. Wanda ya karɓi kuɗi don ya binne irin wannan magana, shi ma ya aikata laifi a idon doka. Irin wannan ƙara, sashen 'yan sanda mai kula da cin zarafi a cikin gida ya kamata a kai ta, yarinyar kuma a kai ta asibiti tun ranar.