Otal ko gidan haya na 'yan kwanaki: wanne ba zai ba ka kunya ba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mu shida ne za mu yi tafiyar kwana takwas, ni da maigida da yara uku da surukata. Ɗakuna uku a otal sun fi ƙarfin aljihunmu, sai ƙanena ya nuna min wani gida mai ɗaki uku da kicin a Airbnb, manhajar da mutane ke ba da hayar gidajensu na 'yan kwanaki. Maigida ya ce shi bai yarda da gidan da bai san mai shi ba. Wa ke da gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Maigidanki ba tsoron banza yake yi ba. Ba a gane amincin masauki sai ranar da wani abu ya lalace. A otal mai ɗaki ɗari, idan famfo ya fashe da tsakar dare, sauka za ki yi wurin masu karɓar baƙi, su miƙo miki wani makulli, magana ta ƙare. Ko da sun sayar da ɗakuna fiye da waɗanda suke da su, abin da otal-otal kan yi, galibi su ne za su nema miki wuri a wani otal. Gidan haya kuwa ɗaya ne tilo, mai shi ma mutum ɗaya ne: yana barci, yana bulaguro, cajin wayarsa yana ƙarewa.

Ni kaina na taɓa ɗanɗanawa. Na isa wani gida bayan sha ɗayan dare, makullin yana cikin wani ɗan akwatin ƙarfe da aka maƙala a jikin ƙofa, sai an jera lambobi huɗu yake buɗewa. Na jera, na sake jerawa, ina haskawa da fitilar waya, akwati ya ce bai san zancen ba. Ashe baƙon da ya tashi da safe ya canza lambar. Awa biyu na yi zaune kan jakata kafin mai gidan ya farka. Gidan kam ba laifi, har ya fi hotonsa kyau, amma da ina tare da tsohuwa da yara uku, da labarin ya sha bamban.

Abin da ya fi wannan ciwo shi ne mai gida ya soke ajiyar, wato kama gidan da kika yi, ana saura kwana biyu. Za a dawo miki da kuɗinki, amma a lokacin wuraren kirki sun cika, sauran kuma sun yi tsada.

Duk da haka, mutum shida kwana takwas, ni gidan zan ɗauka. Kicin da injin wanki da falon da yara za su sake sun isa hujja. Sai dai ki tace. Nemi mai tambarin Superhost, wanda Airbnb ke bai wa amintattun masu gidaje, domin sharuɗɗansa sun haɗa da maki 4.8 cikin 5 da soke ajiya ƙasa da kashi 1 cikin ɗari. Karanta sharhin baƙi na watannin nan, musamman masu ƙorafi, ki ga ko mutum uku sun koka da abu guda. Duba jimillar kuɗi bayan an ɗora na shara da na kamfani, don a nan arahar kan zirare. Ki tambaya hawa na nawa ne, akwai lif ko babu, saboda gwiwar Hajiya. Ku isa da rana. In kina son hankalin maigida ya kwanta, ki kama otal ɗin da ake sokewa kyauta, ki riƙe shi har zuwa ranar ƙarshe da suka yarda a soke.

Tambaya: Mai gidan da zan kama a Airbnb ya ce in tura masa kuɗi kai tsaye, zai rage min wani abu. In yarda?

Amsa: A'a, Malam. Airbnb na riƙe kuɗinka ne, ba ya sakar wa mai gida sai kimanin awa 24 bayan lokacin shigarka, kuma kana da awa 72 daga sa'ar da ka gano matsala ka kai ƙara wurin Airbnb. Ka tura ta bayan fage, ka yar da wannan kariyar da hannunka, wataƙila ma babu gidan sam. Hirarku ma ta tsaya cikin manhajar, kuma kana shiga ka ɗauki hoton duk abin da ka tarar a lalace.

Tambaya: Kwana biyu zan yi a New York, ina da ganawa ƙarfe takwas na safe. Na ga gidajen haya sun yi ƙaranci. Me ya faru?

Amsa: Doka ce. Tun Satumbar 2023 birnin ya tsaurara: hayar ƙasa da kwana 30 sai mai gida ya yi rajista, yana kwana a gidan tare da kai, baƙi kuma kada su wuce biyu. Barcelona ta ƙasar Sifaniya ma ta sanar a 2024 cewa lasisin irin waɗannan gidaje kusan dubu goma zai ƙare a 2028. Gidan da ke aiki ba bisa ƙa'ida ba, ana iya sauke tallarsa kana cikin jirgi. Kai kaɗai ne, kwana biyu, ga ganawar da ba a ɗagawa. Kama otal mafi kusa da wurin ganawar, wanda za ka iya takawa da ƙafa.